Tambayoyi da amsoshi kan juyin juya hali, zamanin injina da mulkin mallaka

A tsakanin 1760 da 1914 duniya ta sauya kamanni fiye da yadda ta yi cikin ƙarnuka da dama kafin nan. An tuɓe sarakuna, injina sun karɓi aikin hannu, ƙasashe ƙalilan kuma sun kasafta sauran duniya a tsakaninsu. Ga tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi suka fi yi game da wannan zamani.

Me ya haɗa waɗannan abubuwa uku har ake karanta su tare?

Igiya guda ce mai tufka uku. Ɗauki rigar auduga ɗaya da aka sayar a shekarar 1850 ka bi zarenta. Bawa ne ya tsinko audugar a kudancin Amurka, ƙasar da ta yi juyin juya hali da sunan 'yanci. Yarinya ce ta tsaya gaban injin kaɗi a Manchesta ta mayar da ita zare. Jirgin ruwa ya kai yadin Indiya, inda wani kamfanin Ingila ke mulki da sojojinsa, aka sayar wa mutanen da kakanninsu su ne gwanayen saƙa na duniya. Wanda ya karanta ɗaya ya bar biyu zai yi ta mamakin inda kuɗi suka fito da inda bindigogi suka dosa.

Mene ne bambancin juyin juya hali da juyin mulki?

A juyin mulki kujera ce ke canja mai zama, komai na nan yadda yake. Juyin juya hali kuwa tushen ikon yake tonowa: wa ke da hurumin yin doka, wa ke biyan haraji, wa ke da ƙasa, wa ake ƙirgawa a matsayin mutum. Shi ya sa ake aron kalmar a yi wa masana'antu, duk da cewa ba a kai wa wata fada hari ba. Rayuwar mutane ce ta kife gaba ɗaya.

Da gaske saboda shayi Amurkawa suka yi wa Ingila tawaye?

Shayi dai sanadi ne. Ingila ta fito daga Yaƙin Shekara Bakwai a 1763 da nasara da kuma tulin bashi, sai majalisar Landan ta ga ya kamata yankuna 13 da take mulka a gaɓar Amurka su taimaka. A 1765 aka sa harajin hatimi kan takardu da jaridu. Mazauna yankunan suka ce majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta isa ta sa musu haraji ba. A Disamban 1773 wasu suka hau jirage a tashar Boston suka zubar da akwatunan shayi a teku. Yaƙi ya ɓarke a 1775, aka shelanta 'yancin kai ran 4 ga Yuli 1776, Ingila ta sallama a 1783.

Takardar shelar ta ce an halicci dukkan mutane daidai. Thomas Jefferson da ya rubuta ta yana da ɗaruruwan bayi, haka ma George Washington. Sai 1865 aka hana bauta a ƙasar, bayan yaƙin basasa.

To me ya sa na Faransa ya fi kowanne suna?

Saboda a Amurka sarkin yana can ƙetaren teku, a Faransa kuwa yana cikin gida, kuma Faransa ce ƙasa mafi yawan jama'a a yammacin Turai, wadda sauran fadoji ke kwaikwayo har a sutura da yare.

Baitulmali ya bushe, kuma wani ɓangare na bashin daga taimakon da aka yi wa Amurkawa ne don a ƙuntata wa Ingila. Garin neman gira aka rasa ido. Jama'a sun kasu aji uku: malaman coci, masu sarauta, sai kowa da kowa. Na ukun su ne kusan dukkan al'umma, kuma a kansu nauyin haraji ya fi sauka, har da na gishiri. Damina ta 1788 ta yi gardama, burodi ya yi tsadar da lebura ke ƙarar da yawancin abin da ya samu a kansa. Sarki Louis na 16 ya rasa mafita, ya kira majalisar ajujuwan uku a Mayun 1789, wadda rabonta da zama tun 1614. Tsohon tsari ya ba kowane aji ƙuri'a ɗaya, wato biyu za su riƙa kayar da ɗaya kullum. Wakilan aji na uku suka ƙi, suka ce su ne majalisar ƙasa. Da suka tarar an kulle musu zaure, suka shiga wani ɗakin wasan ƙwallo suka rantse ba za su watse ba sai ƙasa ta samu kundin tsarin mulki.

Ran 14 ga Yuli mutanen Faris, babban birnin ƙasar, suka afka wa kurkukun Bastille. Albarushi suka je nema, domin da safiyar ranar sun kwashi bindigogi a wani wuri amma babu abin ɗurawa. Da ƙofa ta buɗe, fursuna bakwai kacal suka tarar a ciki. Aka sare kan shugaban gidan aka tsire a mashi aka zaga gari da shi. A watan Agusta majalisa ta soke gatan masu sarauta ta fitar da shelar haƙƙin ɗan Adam. A Oktoba matan kasuwa suka taka da ƙafa zuwa fadar Versailles cikin ruwan sama, suka taso sarki a gaba zuwa Faris.

Daga nan abin ya ƙi tsayawa. Sarki ya yi yunƙurin gudu a 1791 aka kamo shi. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da sarakunan maƙwabta. Ran 21 ga Janairun 1793 aka fille kansa a bainar jama'a. Tsoron maƙiya na waje da munafukai na ciki ya haifi zamanin da Robespierre da abokansa suka riƙa aika mutane ga injin fille kai, kimanin 17,000 bisa hukuncin kotu, ban da waɗanda suka mutu a kurkuku da yaƙin basasa. A Yulin 1794 shi ma wuƙar ta hau wuyansa.

Mata sun yi tattaki, amma ba a ba su ƙuri'a ba. Olympe de Gouges da ta rubuta cewa haƙƙin ya shafi mata ita ma an fille kanta a 1793, kuma matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945.

Idan Napoleon ya zama sarki daga baya, ashe an yi aikin banza ke nan?

A'a. Janar ɗin sojan Faransa ne da ya ƙwace mulki a 1799, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804, wannan gaskiya ne. Amma dokokin da ya tattara a kundi guda a wannan shekarar sun tabbatar da cewa haihuwa ba ta ba mutum fifiko a gaban alƙali, kuma sojojinsa sun yaɗa wannan tsari duk inda suka taka. Bayan an kayar da shi a Waterloo a 1815, manyan ƙasashen da suka taru a Biyana sun mayar da sarakuna kan gadajensu, sai dai ba su iya mayar da tunanin talakawa inda yake a da ba. A 1830 aka sake tashi, a 1848 wutar ta kama daga Faris har Biyana da Balin da Budapest.

Me ya sa ba a cika jin labarin Haiti ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin a cikin juyin juya halin zamanin duka, na Haiti ne kaɗai ya ɗauki kalmar 'yanci har ƙarshenta.

A lokacin sunanta Saint-Domingue, kuma ita ce saniyar tatsar Faransa. Bayi kimanin 500,000 ke noma rake da kofi, yawancinsu haifaffun Afirka ne, saboda aikin yana kashe mutane da saurin da sai an yi ta kawo sababbi. Da labarin shelar Faris ya iso, Turawan tsibirin suka fahimce ta a matsayin 'yancinsu daga Faris, bayi kuma suka fahimce ta yadda aka rubuta ta. A Agustan 1791 gandayen arewa suka kama da wuta. Toussaint Louverture, wanda shi ma an haife shi bawa, ya mayar da masu tawaye runduna mai horo, ya gwabza da Sifaniya da Ingila. A 1794 Faransa ta soke bauta a yankunanta, ganin cewa bayin sun riga sun 'yanta kansu.

Napoleon ya so ya mayar da hannun agogo baya. A 1802 ya aiko da dubban sojoji ƙarƙashin surukinsa Leclerc. Aka yaudari Toussaint da sunan tattaunawa aka kama shi, ya mutu a wani kurkuku mai tsananin sanyi a duwatsun Faransa a 1803. Amma zazzaɓin shawara ya cinye rundunar har da Leclerc ɗin, Jean-Jacques Dessalines ya ƙarasa sauran, ya shelanta 'yancin Haiti ran 1 ga Janairun 1804. Asarar nan na cikin abin da ya sa Napoleon ya sayar wa Amurka yankin Louisiana a 1803 kan dala miliyan 15, cinikin da ya kusan ninka girman Amurka.

Ƙasashen da ke da bayi ba su so labarin ya bazu ba. Amurka ba ta amince da Haiti ba sai 1862. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai an biya tsofaffin iyayengiji diyyar faran miliyan 150, daga baya aka rage zuwa miliyan 90. Wato bawa ne ya biya kuɗin jikinsa bayan ya riga ya fanshe shi da jini, kuma don ya biya sai da ya ci bashi a bankunan Faransa.

Sauran duniya fa, barci suke yi?

Ko kusa. Da Napoleon ya mamaye Sifaniya a 1808, yankunanta na Amurka suka ga uwar ɗaki ta faɗi. Simón Bolívar daga arewa da José de San Martín daga kudu suka yi ta yaƙi har aka karya lagon Sifaniya a Ayacucho a 1824. Bolívar ya taɓa samun mafaka da makamai a Haiti, bisa alƙawarin zai 'yanta bayi. A Yammacin Afirka, a 1804 ɗin nan da Haiti ta samu 'yanci, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka fara jihadin da ya rushe tsohon tsarin sarauta ya kafa sabuwar daula. Tushensa daban ne da na Faris, amma kukan haraji da zaluncin masu mulki yana cikinsa.

Me ya sa masana'antu suka fara a Ingila?

Masana sun daɗe suna jayayya a kai, kuma duk wanda ya ba ka dalili ɗaya tak ya rage maka mudu. Ga waɗanda suka fi nauyi a wurina.

Kwal yana da yawa, yana kusa da ruwa, jigilarsa ba wuya. Itace ya yi ƙaranci tun da wuri, don haka mutane sun saba da ƙona shi. A 1709 Abraham Darby ya gano yadda za a narkar da ƙarfe da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Ladan lebura kuma yana da tsada idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, ga makamashi da araha, don haka injin da zai rage hannaye yana biyan kuɗinsa. A inda hannu ke da araha, mai kuɗi ba ya ganin dalilin sayen ƙarfe.

Sai kuma abin da littattafan da ba sa son faɗa: kishi. Yadin Indiya ya fi na Turai laushi, rininsa ba ya zuba, ga sauƙin kuɗi. Masu saƙar ulu suka yi ta kuka har majalisa ta hana shigo da shi a 1700, ta hana sawa ma a 1721. A bayan wannan katanga ne masu sana'a suka yi ta neman dabarar kaɗa zaren da zai kai na Indiya. James Hargreaves ya fito da injin da ke juya mazarai da yawa lokaci guda, Richard Arkwright ya kafa masana'anta mai aiki da ƙarfin ruwa a Cromford a 1771, Samuel Crompton ya haɗa dabarun biyu a 1779. Ga jiragen yaƙi masu tsare hanyoyin teku, ga kasuwanni a yankunan mallaka, ga ribar sukari da cinikin bayi da ta cika tashoshi irin su Libaful.

Ingila ta so ta riƙe sirrin. Ta hana fitar da injina, ta hana ƙwararru barin ƙasa. Wani matashi, Samuel Slater, ya haddace fasalin injin Arkwright a kansa, ya sulale zuwa Amurka a 1789 ya ƙera shi can. Beljiyam ta biyo baya, sai Faransa da Jamus. Kafin ƙarshen ƙarnin Amurka ta wuce Ingila a ƙarfe, Jamus ta yi mata fintinkau a sinadarai.

James Watt ne ya ƙirƙiro injin tururi?

Gyara shi ya yi. Tun 1712 injin Thomas Newcomen ke zuƙe ruwa daga ramukan haƙar kwal, sai dai cin makamashinsa ya yi yawa, bai da amfani sai a bakin rami. An kawo wa Watt wani ƙaraminsa gyara a Jami'ar Glasgow, ya lura zafi na ɓacewa saboda ana ɗumama tukunya ɗaya ana kuma sanyaya ta. Ya ware wurin sanyaya tururi daban, ya yi rajistar dabarar a 1769. Sunansa ne kake gani a jikin ƙwan lantarki.

Da aka ɗora injin kan ƙafafu sai ga jirgin ƙasa. Ranar buɗe layin Libaful zuwa Manchesta, 15 ga Satumban 1830, wani ɗan majalisa, William Huskisson, ya sauko kan dogo don ya gaisa da firaminista. Bai iya ƙiyasta gudun abin da ke tahowa ba, domin a rayuwarsa doki ne ma'aunin sauri. Jirgin ya take masa ƙafa, ya mutu a daren.

Talaka ya ci ribar injina kuwa?

Jikokinsa sun ci. Shi kam kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A masaƙun farko ana aikin awa 12 zuwa 14. Ana ɗaukar yara saboda ƙanƙantar jikinsu, su riƙa rarrafe a ƙarƙashin inji yana gudu suna tsince audugar da ta zube. Injin yana matsowa gaba ya koma baya, yaro ya kwanta ya lafe har ya wuce, in ya yi gyangyaɗi ya rasa yatsu ko gashin kai. Tagogi a rufe, domin zare yana son danshi da ɗumi. Kafin masana'anta mutum yana aiki ne da fitowar rana da faɗuwarta, yanzu ƙararrawa ce ke tashinsa, in ya makara a yanke masa lada.

Masaƙan hannu da injina suka karya sun riƙa fasa su da dare daga 1811, gwamnati ta mayar da fasa inji laifin kisa a 1812. A 1819 mahaya dawaki suka afka wa taron masu neman ƙuri'a a Manchesta da takubba. Gyara ya zo a hankali: dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙu, ta 1842 ta hana mata da yara ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal. Ka duba abin da aka kira ci gaba a lokacin. Garuruwa sun cika maƙil babu magudanar ruwa, kwalara ta yi ta ɗauki ɗai-ɗai. A ƙidayar 1851 mazauna birane a Ingila sun fi na ƙauye yawa.

Daga wannan hayaƙi ne ƙungiyoyin ƙwadago da aƙidar gurguzu suka fito. Friedrich Engels ɗan mai masaƙa ne da ya zauna a Manchesta ya ga unguwannin leburori da idonsa, shi da Karl Marx suka fitar da shelar kwaminisanci a 1848. Ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu kuma ta samo asali ne daga yajin aikin neman awa 8 a Chicago a 1886.

Ingila ba ta noma auduga. Daga ina take samu?

Daga gandayen bayi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga mai raba ta da angurya cikin sauri, noman ya zama mai riba ƙwarai. Bayin Amurka kimanin 700,000 ne a 1790, zuwa 1860 sun kusan miliyan 4, kuma mafi yawan audugar da masaƙun Ingila ke ci daga hannunsu take. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, ta soke bauta a yankunanta da dokar 1833, inda ta biya diyyar fam miliyan 20 ga masu bayi, su bayin ko sisi. Amma injinanta sun ci gaba da cin gumin bayin wata ƙasa har yaƙin basasar Amurka ya toshe hanya a 1861, sannan ta juya ga Masar da Indiya.

Yaya aka yi kamfani ya ci ƙasa kamar Indiya?

An kafa Kamfanin Gabashin Indiya a Landan a 1600 don fatauci, kuma ya fi shekara 100 yana rusuna wa sarakunan Mugal masu mulkin Indiya. Da daular ta yi rauni, gwamnoni suka zama masu cin gashin kansu, kamfani ya shiga rigimarsu da sojan haya. A Plassey a 1757, Robert Clive da mutum kimanin 3,000 ya kayar da rundunar mai mulkin Bengal, saboda ya riga ya saye babban kwamandanta, Mir Jafar, wanda ya tsaya kallo da sojojinsa. A 1765 kamfani ya samu ikon karɓar harajin Bengal. Daga nan da kuɗin Indiyawa yake sayen kayan Indiya, da su kuma yake biyan sojojin Indiya su ci masa sauran Indiya. Yunwar 1770 ta kashe miliyoyi, haraji bai tsaya ba.

A 1857 sojojin suka yi bore. Abin da ya kunna wutar jita-jita ce cewa an shafa wa sababbin harsasai kitsen saniya da na alade, alhali da haƙori ake yage su, abin da ya taɓa Hindu da Musulmi baki ɗaya. Aka murƙushe su da mugunta, aka kori sarkin Mugal na ƙarshe zuwa Rangun, gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulki da kanta a 1858.

Mece ce gaskiyar Yaƙin Ofiyom?

Turawan Ingila sun kamu da shan shayin Sin, su kuwa Sinawa ba abin da suke so a wurinsu sai azurfa. Sai aka riƙa noma ofiyom, wani kayan maye, a Indiya ana fasa ƙwaurinsa zuwa Sin, azurfar ta juyo gida. A 1839 sarkin Sin ya aika jami'insa Lin Zexu birnin Canton. Ya ƙwace akwati sama da 20,000, ya sa aka haƙa manyan ramuka a bakin ruwa, aka zuba kayan mayen da gishiri da farar ƙasa, leburori suna damawa har ya narke, aka sake shi ya bi teku. An kwashe makonni uku ana wannan aiki. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, har da na ƙarfe mai tururi da ke shiga koguna. A yarjejeniyar Nanjing ta 1842 Sin ta ba da Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar, ta biya diyya har da kuɗin ofiyom ɗin. Hong Kong ba ta koma ba sai 1997.

A taron Balin ne aka raba Afirka da rula?

Haka ake yawan faɗa, amma da ɗan gyara. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kira taron daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885, ƙasashe 14 suka halarta har da Amurka da Daular Usmaniyya, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Abin da aka yi shi ne ƙa'idar wawaso: wanda ya ce wuri nasa ne ya sanar da sauran, ya kuma nuna yana da iko a wurin. Iyakokin kansu an shata su daga baya, biyu-biyu, tsakanin Landan da Faris da Balin da Lisbon. Wajen 1870 abin da Turawa ke riƙe da shi bai wuce kashi 10 cikin 100 na nahiyar ba. Zuwa 1914 saura Habasha da Laberiya.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne Sarki Leopold na 2 na Beljiyam, da aka bar wa Kwango ta zama gonarsa shi kaɗai, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Da tayar keke da ta mota suka tayar da farashin roba, aka yanka wa kowane ƙauye adadin da zai kawo, ana garkuwa da mata har maza su cika. Sojoji na kawo yankakkun hannaye su nuna ba su ɓarnatar da harsashi ba. Abin kunyar ya yi yawa har gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannunsa a 1908.

Turawa sun fi shekara 400 a gaɓar Afirka. Me ya sa sai a lokacin suka iya shiga ciki?

Sauro ne ya tsare ƙofa. A 1820 aka tace kwini daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka, a 1854 kuma William Baikie ya haura Neja da Binuwai da jirgin tururi yana ba mutanensa maganin, ya dawo ba wanda ya mutu. Sai tangaraho da mashigin Suez da aka buɗe a 1869. Sai mashinga ta Hiram Maxim a 1884, mai aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. A 1890 Turawa suka yi yarjejeniya a Brussels ta taƙaita sayar wa Afirka bindigogin zamani.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a Omdurman ran 2 ga Satumban 1898 karin maganar bai yi aiki ba. Mahdawan Sudan sama da 10,000 suka kwanta dama kafin azahar, ɓangaren Kitchener, kwamandan rundunar Ingila, kuwa matattu ba su kai 50 ba. Duk da haka ba a miƙa wuya cikin sauƙi ba. Abdulƙadir ya riƙe Faransa a Aljeriya har 1847, Zulu sun kayar da Ingila a Isandlwana a 1879, Samori Ture ya yi shekaru yana yaƙi kafin a kama shi a 1898, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903. Jamus ta yi wa ƙabilun Herero da Nama na Namibiya kisan ƙare dangi daga 1904. Abu mai ɗaci shi ne yawancin masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, hafsoshi kaɗai ne Turawa.

Akwai waɗanda suka tsira?

Habasha. Yarjejeniyar Wuchale da ta ƙulla da Italiya a 1889 ta faɗi abu ɗaya da Amharanci, wani daban da Italiyanci. Sarki Menelik na 2 ya gano, ya yi watsi da ita, ya tara bindigogin zamani da mutum kimanin 100,000, ya ragargaza Italiya a Adwa ran 1 ga Maris 1896.

Japan ta ga gemun Sin ya kama da wuta. Jiragen Perry na Amurka sun tilasta mata buɗe ƙofa daga 1853, a 1868 aka kifar da tsohon mulki, aka tura manyan gwamnati suka yi kusan shekara biyu suna zaga masana'antu da makarantun Amurka da Turai. A 1872 jirgin ƙasa ya fara tafiya tsakanin Tokyo da Yokohama. A 1905 ta doke Rasha. Sai dai ta koyi darasin har da mugun ɓangarensa: ta ƙwace Taiwan a 1895, ta haɗiye Koriya a 1910.

Masar ta riga Japan gwadawa. Mai mulkinta Muhammad Ali ya gina masaƙu da maƙerun makamai, manyan ƙasashe suka taru suka rage masa soja suka buɗe kasuwarsa. Jikansa Isma'il ya nutse a bashi, ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na Suez a 1875 kan fam miliyan 4, a 1882 sojojin Ingila suka shigo.

Amma ai sun kawo layin dogo da makarantu da asibitoci?

Sun kawo. Buɗe taswira ka dubi inda layukan suka nufa: daga mahaƙa ko gona zuwa tashar jirgin ruwa, da wuya ka ga wanda ya haɗa maƙwabci da maƙwabci. Da harajin mutanen ƙasa aka gina su, wurare da yawa da aikin tilas. Makarantu kuwa an buɗe daidai yawan akawu da tafintan da ake bukata. Japan ta samu duk waɗannan ba tare da wani ya mulke ta ba.

Yaushe wannan zamani ya ƙare?

A 1914 mashingar da aka gwada a Afirka ta juyo kan Turai. Indiyawa fiye da miliyan ɗaya suka yi wa Birtaniya aikin soja, Faransa ta kwaso dubbai daga Yammacin Afirka. Dauloli huɗu suka rushe: Rasha, Jamus, Ostiriya da Usmaniyya. A Rasha ma layin burodi ne ya fara, matan Petrograd suka fito a farkon 1917, sarki ya sauka, kafin shekara ta ƙare Lenin ya karɓi mulki. Birtaniya da Faransa kuwa ƙara faɗi suka yi, suka raba Kamaru da Togo da Iraƙi da Siriya.

Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya karya su sannan igiyar ta fara warwarewa: Indiya a 1947, Ghana a 1957, ƙasashen Afirka 17 a 1960 kaɗai, Aljeriya a 1962 bayan yaƙin kusan shekara takwas. Ran 2 ga Satumban 1945 Ho Chi Minh ya tsaya a dandalin Hanoi ya shelanta 'yancin Biyetnam, ya buɗe jawabinsa da kalmomin shelar Amurka ta 1776, ya bi da na shelar Faransa. Faransa ta amsa da sojoji, kuma ba ta fita ba sai da aka ci ta a Dien Bien Phu a 1954.